Tambaya da Amsa: Me ya haɗa hukumar harajin Amurka da gidan Jim Justice masu haƙar kwal?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Dan Allah ƙarin haske nake nema. Na ji labarin wani sanata a Amurka mai suna Jim Justice wanda gidansu ke da kamfanonin haƙar kwal, wai gwamnati ta maka shi a kotu kan harajin shekarar 2009 amma sai a 2025 ake maganar, toh ni abin ya ɗaure min kai, ta yaya bashin haraji zai kwana shekara goma sha shida a ƙasa kamar Amurka, kuma in da gaske bai biya ba me ya hana a kama shi, ko don yana da muƙami ne? Sannan mu ma gidanmu muna da ɗan kamfani na gado da muke juyawa ni da 'yan'uwana, shine nake son sanin ko bashin harajin kamfani yana iya bin mutum har cikin gidansa. Na gode. Daga ɗan'uwanka a Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, madalla da wannan tambaya. Labarin da ka ji gaskiya ne, sai dai ba rigima ɗaya bace, rigingimu ne birjik da suka shafe kusan shekara goma ana yi da hukumomi daban daban, kuma in ba a warware su ba sai mutum ya ɗauka duk abu ɗaya ne.

Jim Justice ɗan jihar West Virginia ne, jihar da kwal shine ƙashin bayan tattalin arzikinta tun kaka da kakanni. Ya gaji harkar daga mahaifinsa, ya faɗaɗa ta, a 2009 ya sayar da kamfaninsa na kwal Bluestone ga wani kamfanin Rasha mai suna Mechel akan dala miliyan 436 kuɗi hannu banda hannun jari da aka haɗa masa, a shekarar ne kuma ya sayi katafaren otal ɗin nan na Greenbrier. Da kasuwar kwal ta faɗi sai ya sake sayen Bluestone ɗin a 2015 akan dala miliyan 5 kacal tare da alƙawarin zai riƙa ba su wani kaso daga abin da aka haƙo. Ya zama gwamna a Janairun 2017, ya yi wa'adi biyu, ya wuce majalisar dattawa a Janairun 2025. Da ya hau gwamna aka ce ɗansa Jay ne ke riƙe da ɓangaren kwal da noma, 'yarsa Jill kuma otal. Kaga kenan harka ce ta gida, uba da ɗa da 'ya, amma a takarda kamfanoni ne barkatai, kowanne da sunansa da rajistarsa.

Abin da ya faru a 2025 shine a watan Oktoba hukumar tara haraji ta tarayya wato IRS ta shigar da takardar ɗaure kadara akan shi da matarsa Cathy, na kuɗin da ya haura dala miliyan 8, harajin kansu ne ba na kamfani ba, kuma wani ɓangare tun na 2009 ne. A watan Nuwamba sai ma'aikatar shari'a ta shigar da ƙara tana neman kimanin dala miliyan 5.16 na shekarar 2009 ɗin, kuma ba a kai ga wani dogon zaman kotu ba suka amince a yanke hukunci akansu cewa za su biya. Wato ba a yi jayayya akan ko ana binsu ko ba a binsu ba.

Toh maganar shekara goma sha shida. Mutane da yawa suna ɗauka agogon bashin haraji yana fara tafiya ne daga shekarar da aka samu kuɗin, a'a. A dokar Amurka agogo biyu ne. Na farko na bincike, yawanci IRS tana da shekara 3 daga ranar da ka miƙa takardar harajinka ta duba ta ce akwai ƙari, yana iya zama 6 in ka ɓoye kaso mai yawa na abin da ka samu, in kuma zamba ce babu iyaka, kuma sau da yawa manyan masu kuɗi da kansu suke sa hannu a ƙara wa'adin saboda ana cikin tattaunawa da lauyoyinsu. Na biyu shine na karɓa, shekara 10 daga ranar da aka yanka maka harajin aka rubuta shi a littafin hukuma. Saboda haka harajin 2009 in an daɗe ana binciken sa kafin a yanke, shekara goman ba za ta fara ƙirguwa ba sai daga ranar yankewar. Kuma in wa'adin ya kusa cika ba a gama karɓa ba, akwai dabarar da gwamnati ke yi, sai ta garzaya kotun tarayya ta nemi alƙali ya mayar da bashin ya zama hukuncin kotu, da zarar an samu wannan bashin ya sake sabon rai, ɗaurin da hukuncin ke yi wa filaye da gidaje yana kai shekara 20 kuma ana iya sabunta shi. Irin wannan ƙarar yawanci ba don a tozarta mutum ake shigar da ita ba, don kar bashi ya mutu ne a hannun ma'aikaci.

Ita kuma takardar ɗaure kadarar bari in ɗan tsaya a kanta, don anan ne mutanenmu ke ruɗewa, wasu har cewa suke an ƙwace masa dukiya. Ba a ƙwace komai ba. Takarda ce guda ɗaya, fom ne ma, da sunan wanda ake bi da adireshinsa, sai layi layi: irin harajin, shekarar, ranar da aka yanke, abin da ya rage ba a biya ba. Sai a kai ta ofishin magatakardan gundumar da mutum yake, a nasu gundumar Greenbrier ce, a buga mata hatimi a saka ta cikin kundin da kowa zai iya zuwa ya buɗe, ta haka ma 'yan jarida ke samun labarin. Mutum yana nan a gidansa, motarsa na hannunsa, amma ranar da ya tashi sayar da fili ko ya je banki neman rance da gidan a matsayin jingina, lauyan mai saye zai duba kundin ya ga gwamnati ta riga ta kama layi, sai an sallame ta kafin cinikin ya faɗa. Ƙwacewa kuma mataki ne na gaba daban, shine a aika wa bankinka ko mai biyanka albashi takarda a ce miƙo, kuma kafin a yi haka sai an baka sanarwa da kwana 30 na neman a saurare ka.

Me ya hana a kama shi? Saboda a can rashin biyan haraji daban, zambar haraji daban. Wanda ya bayyana abin da ya samu, aka yanka masa, ya kasa biya ko ya yi ta jan ƙafa, bashi ake binsa, da tara da kuɗin ruwa ake horar da shi. Wanda ya ƙirƙiri rasit na ƙarya, ya buɗe littafi biyu, ya kai kuɗi wata ƙasa ya ɓoye da gangan, shine ke fuskantar gidan yari, har shekara 5 akan laifi ɗaya, kuma sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da cewa da niyya aka yi, wanda ba ƙaramin aiki bane. An yi wani binciken tarayya da ya taɓa harkokinsu a 2019, a farkon 2020 lauyansu ya fito ya ce an rufe ba tare da an tuhumi kowa ba. Muƙamin sanata kuwa baya kare mutum daga ƙarar haraji, gashi ma ka gani an shigar da ita yana kan kujera kuma jam'iyyarsa ce ke mulki.

Yanzu mu dawo kan kwal ɗin kansa, don in baka san yawan hannayen da ke miƙowa akan kowane tan ba ba za ka gane yadda bashin ke taruwa ba. Tarayya tana karɓar dala 1.10 akan kowane tan da aka haƙo a ƙarƙashin ƙasa, santi 55 akan wanda aka yaye daga sama, wannan kuɗin yana tafiya asusun masu ciwon baƙin huhu ne, cutar da ƙurar kwal ke sa wa leburorin rami har numfashi ya gagare su. Akwai wani kuɗin kuma na gyaran tsofaffin ramukan da aka watsar, an kafa shi da wata doka tun 1977, yanzu santi 22.4 ne na sama, 9.6 na ƙasa. Jihar West Virginia tana karɓar kashi 5 cikin ɗari na darajar abin da aka ciro, sai dai na kwal ɗin da ake ƙonawa a tashar lantarki an sauke shi a hankali zuwa kashi 3 da wata doka ta 2019, kuma Justice ɗin ne ya sa mata hannu yana gwamna. Gunduma kuma tana da harajin kadara akan fili da injina har da kwal ɗin da ke kwance a ƙasa ba a taɓa shi ba. Ga harajin ma'aikata da ake cirewa daga albashi. Ɗauki misali kawai, kamfani ya haƙo tan miliyan 1 daga rami ya sayar a cikin gida akan dala 100 kowane tan: na baƙin huhu dala miliyan 1.1, na gyaran rami dala 96,000, na jiha a kashi 5 dala miliyan 5. Kuma lura, duk waɗannan ba ruwansu da ko ka ci riba ko ka faɗi, akan tan ne ko akan kuɗin sayarwa, shi yasa in farashi ya karye kamfanin kwal yana iya yin asara amma takardun haraji na ta shigowa.

A Oktoban 2016 ana gab da zaɓe gidan rediyon NPR ya yi bincike ya gano ana bin kamfanonin gidan kimanin dala miliyan 15 a jihohi 6, haɗe da haraji iri iri da tarar rashin kiyaye lafiyar ma'aikata. A 2018 Justice ya fito ya ce sun biya abin da jiharsa ke binsu. A Mayun 2019 ma'aikatar shari'a ta kai kamfanoninsu 23 ƙara akan tarar kariyar ma'aikata ta kimanin dala miliyan 4.7, aka sasanta a 2020 akan za a biya wajen miliyan 5 kaɗan kaɗan. A Mayun 2023 aka sake shigar da wata akan kamfanoni 13 tare da shi Jay da sunansa, ana neman kimanin dala miliyan 7.6 na tara da kuɗin gyaran rami, bayan an rubuta musu saɓa doka sama da 130 tsakanin 2018 da 2022. Ni a wurina wanda ya fi ciwo ba na tarayya bane, na gundumomin gabashin Kentucky ne irin su Knott, wurare ne matalauta da harajin kadara ke riƙe makarantunsu da motar ɗaukar mara lafiya, in babban mai biya ɗaya ya riƙe nasa sai kasafin gunduma gaba ɗaya ya girgiza. Washington za ta iya jira shekara goma, malamin firamare a ƙauyen tsauni ba zai iya ba.

Tambayar da ya kamata ka yi ita ce, mutumin da ya taɓa karɓar dala miliyan 436 me zai sa ya bari a yi ta jan sunansa akan miliyan 5? Anan zan faɗi ra'ayina ne a matsayin wanda ya san harkar, ba wai na shiga zuciyarsu ba. Dukiyar mai ma'adini a ƙasa take da injina, ba a aljihu ba, kuma in kuɗin hannu suka yi ƙaranci dole ya zaɓi wanda zai fara sallama. Mai dizal in ba a biya shi yau ba gobe tanka ba za ta zo ba, leburori in an yi sati biyu ba albashi za su ajiye aiki, banki na riƙe da jingina. Ita gwamnati fa? Tarar jinkirin biya rabin kashi 1 ne cikin ɗari a wata kuma baya wuce kashi 25 gaba ɗaya, sai kuɗin ruwa da bai kai na masu ba da rancen gaggawa ba, ba a neman jingina, ba a cike fom, kuma kafin ta motsa an ɗau shekaru. Kamar mai shago ne da ake binsa a wuri biyar, wanda ya zo ya zauna masa a bakin ƙofa shi zai fara ba, wanda ke aiko wasiƙa duk wata shida sai ya jira. Kuma matsin da suke ciki ba ɓoyayye bane, Bluestone ta ci bashin ɗaruruwan miliyoyin dala daga kamfanin kuɗi na Greensill wanda ya rushe a Maris 2021, shi Justice da kansa ya tsaya wa kusan miliyan 700 daga ciki, ga wani bashin na kimanin miliyan 300 na bankin Carter da ke Virginia, a shekarar 2021 ɗin ne ma mujallar Forbes ta cire shi daga jerin masu biliyan. In ka ajiye miliyan 5 na haraji kusa da waɗannan za ka ga a wane layi yake.

Shi dai Justice ya sha cewa siyasa ce, duk lokacin da zaɓe ya matso sai a tono. Ƙarar 2023 ta zo ne 'yan makonni bayan ya bayyana takarar sanata, don haka ban ce zargin nasa ba shi da ƙafa ko kaɗan ba, amma ta 2019 da ta 2025 duk a zamanin Trump aka shigar da su, mutumin da Justice ya koma jam'iyyarsa a gabansa a wani gangami a garin Huntington a 2017. Kuma siyasa tana iya zaɓar ranar da za a tono bashi, amma ba ita ke ƙirƙirar sa ba.

Sai tambayarka ta ƙarshe wadda na san ita ce ta fi damunka. Asalin ƙa'ida ita ce kamfani mutum ne mai zaman kansa a idon doka, bashinsa nasa ne, shi yasa masu ma'adini ke buɗe kamfani daban ga kowane rami, in ɗaya ya nutse kar ya ja sauran. Amma katangar tana da ƙofofi. Babbar ƙofa ita ce kuɗin da ba naka ba, wato harajin da ka cire daga albashin ma'aikaci ko ka karɓa daga hannun mai saye da sunan gwamnati, wannan amana ce a hannunka, in ka juya ta ka sayi dizal toh a dokar Amurka IRS na iya tsallake kamfanin ta kama duk wanda ke da ikon sa hannu a cek kuma ya san abin da ake ciki, ta ɗora masa kuɗin ɗari bisa ɗari a wuyansa, ko ɗa ne ko mata ko akanta. Wata ƙofar ita ce dokar ma'adinai da ta yarda a ci shugaban kamfani tara shi kansa in da saninsa aka ƙi gyara ɓarna, ta nan sunan Jay ya shiga ƙarar 2023. Sai sa hannun tsayawa bashi, wanda mutum da hannunsa yake rushe katangar. Sannan miji da mata in suka miƙa takardar haraji ɗaya tare, kowannensu ana iya binsa duka kuɗin ba rabi ba, shi yasa kaga sunan Cathy a takardun. In kuma aka samu ana ɗiban kuɗin wannan kamfani ana biyan bashin wancan, ana sayen motar gida da asusun ofis, alƙali na iya cewa ai duk aljihu ɗaya ne ya haɗe su ya bi.

Wani abin da masu harkar gado ke raina wa shine wa'adi, kuma ko kana da gaskiya yana iya kayar da kai. A Amurka in an aiko maka da takardar ƙarin haraji kana da kwana 90 ka je kotun haraji ba tare da ka biya ba, in ka bari ya wuce sai dai ka biya tukuna sannan ka nemi a dawo maka. Akwai wata shari'a ta masu kwal da ke nuna haka ƙarara. A 1998 wata kotun tarayya ta ce karɓar harajin baƙin huhu akan kwal ɗin da ake fitarwa waje ya saɓa wa tsarin mulki. Kamfanin Clintwood Elkhorn da wasu suka nemi IRS ta dawo musu da na 1997 zuwa 1999 aka basu, na 1994 zuwa 1996 kuma tunda wa'adin shekara 3 na nema a wurin hukuma ya wuce sai suka zarce kotu kai tsaye. A 2008 kotun ƙoli baki ɗayanta ta ce a'a, harajin haramtacce ne ba musu, amma tunda baku bi ta ƙofar hukuma cikin lokaci ba kuɗin sun tafi.

Ku a nan gida dokokin ba iri ɗaya bane da na can, kar ka ɗauki lissafin Amurka ka ɗora wa kamfaninku, amma ƙashin maganar yana kama. Harajin ribar kamfani na tarayya ne, hukumar da muka sani da FIRS wadda sabuwar dokar 2025 ta mayar NRS, harajin albashin ma'aikatanku kuma na hukumar jiha ne, in kuma harkar ma'adini ce irin kwal ɗin Maiganga da ke nan jiharku toh lasisi da kason gwamnati duk na tarayya ne. In takardar yanke haraji ta zo baku yarda da ita ba, kwana 30 ne ku rubuta ƙin amincewa, a rubuce da dalilai da kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ba zuwa ofis a gaisa da oga a ce za a duba ba, in kuka yi shiru adadin ya zauna daram ko da kuskure ne. Ku raba asusun kamfani da na cefanen gida tun yau, abin da kuka cire daga albashin yara da VAT ɗin da kuka karɓa ku miƙa shi a watansa ko da sauran za su jira, kuma ku zauna da 'yan'uwanka ku duba sunan waye a takardar rajista a matsayin darakta, don sau da yawa za ka tarar an saka sunan Hajiya ko ƙanin da ke makaranta don cike gurbi kawai, alhali ranar da takarda za ta fito da sunansu za ta fito.